Gurza ko yankewa? Muhawara kan tiyatar mayar da fuska siffar ta mace da wuraren da ake samun matsala

Ɗalibar Tiyata:
Assalamu alaikum malamaina. Tambayata kan aikin da ake yi wa masu sauya jinsi daga namiji zuwa mace ne, wanda ake sassaƙa ƙashin fuska. Dalilin aikin na gane shi: idan mutum ya riga ya balaga, maganin istirojin, wato sinadarin jinsin mace, yana taɓa fata da kitse da gashi, amma ba ya rage ƙashin da ya gama ginuwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne goshi. Me ya hana a gurje tudun gira da injin gurza a wuce wurin? Me ya kawo yanke bangon ƙashi gaba ɗaya, a ciro shi, a sake mayarwa? Gani nake kamar an bar hanya mai sauƙi an kama mai haɗari.

Likitan Muƙamuƙi:
Wa alaikumus salam. Amsar tana bayan ƙashin, ƙanwata. Tudun nan da kike gani a saman gira da tsakanin girare, a wurin yawancin mutane ba curarren ƙashi ba ne, murfin kogo ne. Kogon goshi, wanda muke cewa sainus, yana da bangon gaba da bangon baya, kuma bayan na bayan sai ƙwaƙwalwa. Bangon gaba kaurinsa 'yan milimita ne. To idan kina son mayar da goshi baya da milimita 7, bangon kuma kaurinsa 3 ne, ai lissafi ya ƙare. Kafin ki kai rabin hanya kin faɗa cikin kogo.

Douglas Ousterhout, likitan San Faransisko da ya fara wannan aiki a farkon shekarun 1980, ya zauna ya auna ƙoƙunan kai masu yawa kafin ya taɓa kowa, kuma a 1987 ya wallafa rabe-raben da har yau ake aiki da su. Kashi na farko su ne masu ƙaramin kogo ko marasa shi, ƙashinsu mai kauri, gurza ta wadatar. Kashi na biyu tudun bai yi yawa ba, ana ɗan gurza sannan a cike kwarin da ke samansa da simintin ƙashi don goshi ya yi kumbo ɗaya. Kashi na uku su ne masu babban kogo da siririn bango, su dole a yanka a mayar baya. A lissafinsa, sama da kashi 80 cikin 100 a nan suke faɗawa. Shi ya sa ba a shiga ɗakin tiyata sai da hoton CT, wato hoton da ke nuna ƙashi yanki-yanki, mai siraran yanka, a auna kaurin bangon, zurfin kogon, da inda iyakarsa ta tsaya ta kowane gefe. Kogon dama da na hagu ba su cika zuwa daidai ba.

Likitan Gyaran Fata da Siffa:
Dakta, ban ƙi ta taka ba, amma kada a raina gurza. Wanda ya buɗe kogon goshi ya ɗauki alhakinsa har ƙarshen rayuwar mai shi. Akwai fuskokin da gurje gefen ƙashin gira na waje da ɗaga girar sun isa su canza kallon ido sosai, ba tare da an taɓa kogon ba. Ba kowace majinyaciya ke bukatar goshi kamar an goge shi da dutsen guga ba.

Likitan Muƙamuƙi:
Gefen waje na yarda, can babu kogo, a gurje shi sosai, shi ne ma ke buɗe ido. Rigimar a tsakiya take. Abin da ke faruwa idan aka nace da gurza a kashi na uku iri biyu ne. Ko dai likita ya ji tsoro ya tsaya da wuri, tudun ya rage, majinyaciya ta dawo bayan shekara tana neman a sake, aikin gyara kuma ya fi na farko wuya saboda bangon ya riga ya zama kamar ɓawon ƙwai. Ko kuma ya wuce gona da iri. Alamar tana nan a fili: idan ƙashi ya fara yin shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin injin, duhun kogon ne kake hangowa, saura ƙasa da milimita ɗaya. Irin wannan bangon daga baya yana lotsawa ko ya narke, a ga kwari a tsakiyar goshi, wani lokaci har fata na motsi idan an fyace hanci.

Ɗalibar Tiyata:
To Malam, yaya ake yankan daki-daki?

Likitan Muƙamuƙi:
Ana bi ta fatar kai, daga kunne zuwa kunne, a kwaye fatar zuwa gaba. Tantanin da ke manne da ƙashi a ɗaga shi daban da jininsa, a ajiye, zai yi amfani idan an sami ɓula. Idan an iso bakin kwarmin ido, a nemo jijiyar ji da ke fitowa ta saman ido, kimanin santimita 2.5 daga tsakiyar fuska. A wasu ta ɗan tsagi take fitowa, sai ta sauka da kanta. A wasu ta rufaffen rami take bi, sai an sa ƙaramar kurfi an fasa ƙasan ramin an 'yanta ta, in ba haka ba za ta tsinke wajen ja.

Daga nan a zana iyakar kogon a kan ƙashi. Wasu da na'urar nuna hanya suke yi, wasu da ma'aunin yanka da aka buga daga hoton CT, wasu da haska fitila. Yankan a cikin iyakar ake yin sa, kuma a karkace bakin zarto zuwa cikin kogon. Wanda ya yanka a wajen iyaka, ba kogo ya shiga ba, ƙoƙon kai ya shiga. Akwai katanga tsakanin kogon dama da na hagu da ke riƙe da bangon ta ciki, sai an sare ta da kurfi kafin bangon ya taso. Mai gaggawa a nan yake fasa shi gida uku. Idan ya fito, a gurje shi a kan tebur, a rage katangar tsakiya gwargwadon yadda ake son komawa baya, a gurje kewayen, a mayar da shi ya zauna daram, a ɗaure da siririyar waya ko ƙananan faifan ƙarfen titaniyom da kusoshinsu. Kusoshin gajeru, kamar milimita 3 zuwa 4. Sannan a bi da yatsa, ido a rufe. Duk matakalar da yatsa ya ji, bayan wata shida idan kumburi ya sace, ido zai gan ta.

Abu ɗaya da ake mantawa: idan goshi ya koma baya, tushen karan hanci sai ya tsaya a gaba shi kaɗai. Dole a gurje mahaɗar goshi da hanci su bi juna, shi ya sa ake son yin goshi kafin hanci.

Likitan Hanci da Maƙogwaro:
Ranka ya daɗe, ka tsallake wurin da mu yake dawo mana. Kogon goshi yana da magudana a ƙasansa, ta ciki kusa da tsakiya, wadda ke zubar da majina zuwa cikin hanci. Muddin magudanar nan a buɗe take, kogon zai warke ko da an taɓa tantaninsa. Idan ta toshe, majina za ta ci gaba da taruwa ba mafita, ta zama ƙulli, ta dinga cin ƙashi a hankali. Wannan ba ya nuna kansa a wata ɗaya. Shekara biyar, goma, har fiye, sai a ga ciwon kai, ko ido ya fara turowa ƙasa da waje, ko kumburi a goshi. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga, mugunya na iya bi ta bangon baya ta kai ga tantanin ƙwaƙwalwa.

Me ke toshe ta? Garin ƙashi daga injin gurza, shi ne na farko. Don haka a toshe bakin magudanar da ɗan auduga mai igiya lokacin gurza, a ƙirga shi a cire, a wanke kogon da ruwan gishiri sosai kafin rufewa. Na biyu kakin tsayar da jini da aka bari a ciki. Na uku simintin ƙashi da ya zubo ciki. Siminti da kogon da ke haɗe da hanci ba sa shiri, idan ya kamu da cuta sai an kankare shi duka. Na huɗu tantanin da ya maƙale a tsakanin ƙashi da ƙashi a layin yanka, ya kamata a datse gefensa tsaf. Kuma mai ciwon sainus da bai lafa ba, a yi maganinsa tukuna, kada a buɗe kogo mai mugunya don kwalliya.

Ɗalibar Tiyata:
Idan kuma aka huda bangon baya fa?

Likitan Hanci da Maƙogwaro:
Bangon baya a wasu wuraren bai kai milimita ɗaya ba. Idan ƙashin kawai aka taɓa, tantanin ƙwaƙwalwa lafiya, ba wani abu. Idan aka ga ruwa garau yana tsattsafowa, ruwan ƙwaƙwalwa ne, a gyara nan take: a ɗinke ko a liƙe, a shimfiɗa tantanin ƙashin nan da aka ajiye, a kira likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jin kunya ba. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ba a lura ba. Bayan kwana biyu majinyaciya ta ce ruwa mai gishiri-gishiri yana ɗiga ta hanci ɗaya idan ta sunkuya, kai na sara idan ta tashi zaune. Kada a ce mura ce. A tara ruwan a gwada, a yi hoto, domin ƙarshen sakaci a nan sanƙarau ne.

Wani Jami'in Lafiya:
Ku gafarce ni malamai. Wannan aikin a Amurka da Sifen da Tailan ake yin sa, ba a asibitocinmu ba, kuma kowa ya san matsayin jama'armu a kai. Mene ne amfanin zurfafawa haka?

Malamin Ilmin Sassan Jiki:
Tambayarka a kan hanya take, Malam. Amfanin biyu ne. Bangon kogon goshin nan shi ne wanda ke farfashewa idan ɗan acaɓa ya daki kwalta ba hular kwano, kuma hanyar shiga, da jijiyoyin da ake kiyayewa, da dokar magudana, duk ɗaya ne. Masu wannan aikin suna buɗe goshi lafiyayye da yawan da ba kowa ke samu ba, don haka abin da suka gano yana amfanar mai gyaran karaya. Na biyu, wanda aka yi wa aiki a waje yana iya zuwa da kumburin goshi da zazzaɓi cikin dare, kuma likitan da ke bakin aiki dole ya san abin da ke ƙarƙashin fatar kafin ya sa allura ya tsotsa. Mara lafiya mara lafiya ne.

Tun da na shigo, bari in ƙara abin da ba a faɗa ba kan gefen kai. Reshen jijiyar fuska mai ɗaga gira yana bin layin da Pitanguy, likitan gyaran siffa ɗan Brazil, ya siffanta: daga rabin santimita ƙasa da ɗan guringuntsin bakin kunne zuwa santimita 1.5 sama da wutsiyar gira. A cikin shimfiɗar nama ta sama yake tafiya, saboda haka mai kwaye fata ya manne wa farin tantanin da ke kan tsokar tauna, ya bar komai a samansa. Idan an ja shi da ƙarfi, gira tana faɗuwa na makonni ko 'yan watanni ta dawo. Idan an yanke ko an ƙone shi da na'urar tsayar da jini, ta tafi ke nan. Haka kuma kitsen da ke gefen kai, idan aka ratsa shi aka kashe jininsa, yana shanyewa, gefen kai ya rafke, fuskar ta ƙara tsufa maimakon taushi.

Likitar Fata:
Ni inda nake so a tsaya a kai shi ne wurin yanka, domin abin da aka rubuta a kan farar fata ba duka ne ya dace da baƙa ba. Zaɓi biyu ne. Ko a yanka a bakin gashi, wanda ke ba da damar jawo fatar kai gaba a rage tsawon goshi da kamar santimita 1.5 zuwa 2, ko a yanka can cikin gashi inda tabon zai ɓuya. Na bakin gashi ana karkata wuƙa don gashi ya tsiro ta cikin tabon, kuma ana tsattsaga tantanin ƙarƙashin fatar kai don ta miƙe, kowace tsaga tana ba da milimita 1 zuwa 2. Amma duk wanda ya ja fatar da ƙarfi ya ɗora nauyin a kan ɗinkin fata, zai sami tabo mai faɗi da zubewar gashi. Nauyin a kan ƙashi ake rataye shi, fata ta haɗu ba ja.

A fatarmu tabon bakin gashi yana iya yin fari ko ya yi baƙi ƙirin, kuma mai kitso ba ta da gashin da zai zubo ya rufe shi. A tambayi tarihin tabo mai tsiro, a duba kunnen da aka huda, a duba ƙirji, a duba ƙeya. Mai ƙurajen ƙeya masu tauri, a yi hattara da fatar kanta gaba ɗaya. Sannan kusurwoyin goshi da sanƙon maza ya ci, jawo fata ba ya cike su da kyau. Likitocin Marbella a Sifen sun nuna wata dabara: su yanka cikin gashi, ɓallin fatar da aka cire su ciro saiwoyin gashinsa su dasa a kusurwoyin a zama ɗaya. Sai dai gashinmu a lanƙwashe saiwarsa take a ƙarƙashin fata, mai cirewa da bai saba ba zai datse da yawa.

Likitan Gyaran Fata da Siffa:
Hajiya, a ƙara da maganar na'urar ƙona jijiyoyin jini. Yawancin sanƙon da ake gani a gefen tabo ba wuƙa ce ta jawo shi ba, ƙuna ce, da matsattsun maƙalai da aka bari awanni a bakin fata. Kuma a gaya wa majinyaciya tun farko cewa tsakiyar kanta zai mutu ba ta jin taɓi na watanni, sannan ƙaiƙayi ya biyo baya lokacin da jijiya ke farfaɗowa. Wadda ba a gaya wa ba tana iya ƙona kanta da ruwan zafi ko na'urar busar da gashi ba ta sani ba.

Ɗalibar Tiyata:
Na gode. Haɓa da muƙamuƙi fa? Na ga ana cewa nan ne aka fi kuka da mutuwar leɓe.

Likitan Muƙamuƙi:
Haka ne. Haɓar namiji ta fi tsawo da faɗi, mai kusurwa biyu. Ta cikin baki ake shiga. Kuskuren farko a wurin yanka ne: a bar kamar rabin santimita zuwa ɗaya na nama a jikin dasashi, don a sami abin da za a ɗinke tsokar haɓa a kai. Idan ba a mayar da tsokar nan wurinta ba, naman haɓa zai zazzago, leɓen ƙasa ya saki, haƙoran ƙasa su bayyana, miyau na zuba. Gyaran wannan yana da wuya ƙwarai.

Jijiyar leɓe tana fitowa ta wani rami a ƙarƙashin haƙori na huɗu zuwa na biyar daga tsakiya. Kafin ta fito, takan ɗan zarce gaba da ƙasa a cikin ƙashi ta yi kwana. Shi ya sa layin zarto yake zama aƙalla milimita 5 zuwa 6 ƙasa da ramin, kuma ƙasa da saiwar fiƙa. Don rage faɗi, ana yanka a kwance, sannan a yi yanka biyu a tsaye a cire ɓallin tsakiya, a haɗe ɓangarorin biyu. Don rage tsawo, a cire wani siririn yanki a kwance. Tsokokin da ke manne a bayan ƙashin kada a kwashe su, su ne ke ba shi jini. Idan an matse haɓa, za a sami matakala a inda ta haɗu da sauran muƙamuƙi, dole a bi a daidaita har baya.

Kusurwar muƙamuƙi kuwa, aiki ne a cikin rami mai duhu. Dabarun da yawa daga Koriya ta Kudu aka ɗauko su. Zarto ya yi sama da yawa, ka shiga hanyar jijiyar da ke cikin ƙashi, leɓe da haɓa su mutu, wataƙila har abada. Ka fara fasawa da kurfi kafin yankan ya kammala ta baya, tsagar ta gudu sama zuwa gaɓar muƙamuƙi, ka karya shi. Ka yanke kusurwar a miƙe, ka haifar da sabuwar kusurwa a gaba. Zarto ya zame ƙasa, akwai jijiyar jinin fuska, ta baya kuma akwai babbar jijiyar jini, jini a nan ba ya kamuwa da sauƙi. Sannan fatar da ƙashi ke riƙe da ita, musamman ga wadda ta haura 40, za ta saki. A faɗa mata tun farko cewa mai yiwuwa ta bukaci ɗaga fata bayan wata 6 zuwa 12.

Mai Allurar Barci:
A nan nake so a saurare ni da kyau. Jinin da ya taru a ƙarƙashin harshe bayan aikin haɓa yana tura harshe baya ya rufe hanyar iska, kuma yana iya faruwa awanni bayan an fito. Hanci a toshe da auduga, muƙamuƙi a naɗe da bandeji, baki ba ya buɗuwa. Wadda ta fara kasa haɗiye miyau, muryarta ta canza, tana neman tashi zaune, ba maganin kwantar da hankali take bukata ba. A kwance bandejin, a duba ƙarƙashin harshe, a kira mu.

Idan aka haɗa goshi da hanci da haɓa da wuya a zama ɗaya, awa 6 zuwa 10 ne. A tanadi jini, fatar kai tana zubarwa a ɓoye cikin zannuwa. Gram 1 na tiranekzamik asid, maganin rage zubar jini, a farko yana taimakawa. Lidoken mai adirenalin, maganin kashe zafi na allura, kada ya wuce miligiram 7 a kowane kilo, kuma a haɗa lissafin duk wuraren da aka yi wa allura, ba kowane wuri da nasa ba. Audugar da aka cusa a maƙogwaro a rubuta ta a allo, a faɗa da baki an cire. Idanu a rufe su da kyau, gogewar baƙin ido na faruwa idan an kifo fatar goshi a kansu. Jawo nama a kusa da ido yana iya sa bugun zuciya ya faɗi farat ɗaya, idan na ce a saki, a saki.

Kan magunguna: mai shan sifironolakton, maganin rage tasirin sinadarin maza, a duba gishirin fotasiyom a jininta. Istirojin yana ƙara haɗarin gudan jini, na haɗiya ya fi na mannawa a fata. A da ana tsayar da shi mako 2 zuwa 4 kafin aiki, yanzu cibiyoyi da yawa ba sa tsayarwa, suna auna haɗarin kowace, su sa safar matse ƙafa, su tayar da ita tafiya da wuri. Sigari a bar shi aƙalla mako 4. Ga 'yan asalin yankinmu a duba jinotayif. Kuma a tambaya ko an taɓa yi mata aikin ƙara siririn murya, domin yana rage faɗin mashigar iska, sai ƙaramin bututun numfashi.

Likitan Hanci da Maƙogwaro:
Wannan ya kawo mu zakaran wuya. Guringuntsin maƙogwaro fuska biyu ne da suka haɗu a gaba, a namiji kusurwar kamar digiri 90, a mace kamar 120, shi ya sa na namiji ke tsini. Likitoci Wolfort da Parry ne suka bayyana aske shi a 1975. Haɗarin guda ne, amma babba: igiyoyin murya ta ciki suke manne da guringuntsin nan, wajen tsakiyar tsayinsa. Duk abin da za a cire, sama da wannan maƙalin ne. Wanda ya sauka ƙasa ya kwance su, igiyoyin su saki, murya ta dishe kuma ta yi kauri, akasin abin da aka zo nema, gyaranta kuma ba tabbas. Dabarar da likita Spiegel na Boston ya yaɗa ita ce a sa kyamara ta cikin maƙogwaro, a soka siririyar allura ta guringuntsin, a ga inda ta ɓullo, a yi alama, a tsaya sama da nan. Gara a bar ɗan tudu. A masu shekaru guringuntsin ya zama ƙashi, wuƙa ba ta ci, sai injin gurza, kuma yana iya tsagewa.

Likitar Fata:
Kuma don Allah kada a yanka a kan tudun kansa. Tabon yana mannewa da guringuntsi, ya dinga hawa da sauka idan ana haɗiya. A sa shi can sama a lanƙwasar ƙarƙashin haɓa, santimita 2 zuwa 3. Wuya da layin muƙamuƙi wuraren tabo mai tsiro ne. Idan ya fara tasowa, filastar silikon aƙalla awa 12 a rana na wata 2 zuwa 3, da allurar tirayamsinolon, maganin kwantar da tabo, miligiram 10 zuwa 40 a kowace mililita duk mako 4 zuwa 6. A zuba ta cikin tabon kawai, idan ta malala gefe fatar za ta yi fari ta lotsa.

Likitan Gyaran Fata da Siffa:
Hanci da leɓe a taƙaice. Ma'aunan da ke cikin littattafai, a rage doro, a ɗaga kan hanci zuwa digiri 95 zuwa 105, daga fuskokin Turawa aka samo su. Hancin da karansa ke ƙasa, fatarsa mai kauri, guringuntsinsa mai laushi, ba ragewa yake so ba, tallafi yake so. Wanda ya rage shi zai sami hanci marar siffa da toshewar numfashi. Ɗaga leɓen sama kuwa, ana cire fata a gindin hanci don haƙora su ɗan bayyana milimita 2 zuwa 4 idan baki na hutawa. Abin da aka cire ba ya dawowa, kuma wadda aka cire wa da yawa ba ta iya rufe baki. Idan ana buɗe hanci a rana ɗaya, a lura da ɗan tsibirin fatar da ke tsakanin yanka biyun, jininsa na iya yankewa.

Kumatu da kitsen jikinta ake cikawa galibi, wani kaso yana narkewa, a sa rai da ƙari. Allurar ta zama mai dakusasshen baki, a zuba kaɗan-kaɗan ana janyewa. Kitse ya shiga jijiyar jini a tsakanin girare ko gefen hanci, makanta ce nan take. Kuma a tambaya, a sake tambaya, ko an taɓa yi mata allurar silikon na ruwa a fuska, domin da yawa ba sa faɗa, kuma naman da ya sha shi ba ya kwayewa ba ya warkewa kamar sauran.

Sista ta Ɗakin Tiyata:
Malamai, ga abin da ya kamata ya shiga takardar sallama, domin a gida ake ɓata aikin. Ba fyace hanci na mako 3 zuwa 4, atishawa baki a buɗe, in ba haka ba iska za ta bi ta kogon ta shiga ƙarƙashin fatar goshi, a taɓa a ji tana ƙaras-ƙaras. Mai amfani da injin numfashi na barci ta tambayi likita kafin ta koma kansa. Kwanciya kai a sama. Kumburi yana kai ƙarshe a kwana na 2 zuwa na 3, idanu na iya rufewa, wannan ba abin tsoro ba ne idan ɓangarorin biyu daidai suke. Gefe ɗaya ya kumbura da tauri da zafi, jini ne ya taru. Kurkure baki da kuloheksidin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, bayan kowane abinci, abinci mai laushi kamar kunu da fate, amma ba mai zafi ba, tun da leɓen ba ya ji. Ƙarafunan ɗinkin kai a cire a kwana 7 zuwa 10. Ba kitso mai ja, ba man shafawa mai sanya gashi laushi, sai tabon ya yi ƙwari.

Ɗalibar Tiyata:
Allah ya saka da alheri. Saura guda: idan leɓen ƙasa bai dawo da ji ba, yaushe za a ce jijiyar ta yanke ne, ba ja kawai ta sha ba?

Likitan Muƙamuƙi:
A zana iyakar wurin da ya mutu da biro a ɗauki hoto tun makon farko, a dinga gwadawa duk wata da auduga da tsinin allura. Idan da'irar na raguwa, ko ta fara jin tsira-tsira kamar tafiyar kiyashi, jijiyar na nan, a ba ta lokaci, tana iya kai wata 12 har 18. Idan wata 3 ya cika babu ko alama, ko zafi mai ƙuna ya maye gurbin rashin jin, a yi hoton CT a duba ko kusa ko gutsuren ƙashi ne ya danne hanyar. In haka ne a cire shi, a tura ta wurin mai ɗinkin jijiya kafin wata 6 ya wuce.